SIR WILLIAM RAMSAY DA ISKOKI 'YAN BA-RUWANMU

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san abin da kan faru ran da aka zo rufe lissafin wata aka tarar kwabo ɗaya ya yi ɓatan dabo. A nan a ke gane akawu. Wani sai ya laluba aljihunsa ya cika, ya rufe littafi ya tafi gida. Wani kuwa sai ya gyara zama, ya bi shafi ɗaya ɗaya, ba zai tashi ba sai ya san inda kwabon ya maƙale. Yau za mu ba da tarihin wani masani, Sir William Ramsay, wanda shi da abokin aikinsa suka ga ɗan bambanci cikin awon iska suka ƙi kau da kai. Bin sawun wannan ɗan bambanci shi ya kai shi ga gano dangi guda na iskoki, waɗanda 'yan Adam suka yi ta shaƙa tun fil azal ba su san da su ba.

Abin da ya ɓoye iskokin nan halinsu ne. Kusan ko wane abu a duniya yana cuɗanya da wani. Ƙarfe ya sha iska da laima ya yi tsatsa, itace ya kama wuta ya zama toka, madara ta kwana ta yi tsami. Su kuwa waɗannan ba su kama wuta, ba su taimakon wuta, ba su da launi, ba su da wari, ba su barin wata alama inda suka bi. Masana suna kiransu da wani suna mai ma'anar masu daraja, kamar yadda a ke girmama zinariya don ba ta tsatsa. Mu dai a nan za mu ce da su 'yan ba-ruwanmu.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi William Ramsay ran 2 ga Oktoba, 1852, a Gilasgo, babban birnin ciniki na ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila. Shi kaɗai ne wurin iyayensa. Ubansa injiniya ne, baffansa kuwa, Sir Andrew Ramsay, sanannen masanin duwatsu ne. Dangin ubansa marina ne tun kaka da kakanni, a dangin uwarsa kuma akwai likitoci, saboda haka harhaɗa launuka da magunguna ba baƙon abu ba ne a gidansu.

Ya shiga Jami'ar Gilasgo cikin 1866. Da ya ga zuciyarsa ta karkata ga ilmin sinadarai, watau ilmin sanin abin da aka yi kome da shi da yadda abubuwa ke haɗuwa su rabu, sai ya nufi Jamus, domin a zamanin can ne cibiyar wannan ilmi. Ya zauna a Jami'ar Tubingen wurin wani malami Rudolf Fittig, ya sami digirin dakta cikin 1872, bai ko cika shekara 20 ba. Ya komo gida ya yi shekara takwas yana ƙaramin malami a Gilasgo. Cikin 1880 aka ba shi kujerar babban malamin sinadarai a Kwalejin Biristol, bayan shekara ɗaya aka daɗa masa shugabancin kwalejin duka. A wannan shekara ta 1881 ya auri Margaret Buchanan, suka haifi 'ya'ya biyu, mace da namiji. Cikin 1887 ya koma Kwalejin Jami'a ta Landan, inda ya yi wajen shekara 25.

Har ya kai shekara 40 sunansa bai wuce tsakanin abokan sana'arsa ba. Amma shekarun ba su tafi a banza ba. A Biristol shi da mataimakinsa Sydney Young sun daɗe suna auna yadda abubuwa masu ruwa-ruwa ke zama tururi. Ya koyi narka gilas ya busa shi da kansa, har ya zama yawancin kwalabe da bututun da ya ke aiki da su shi ya ƙera abinsa. Hannunsa ya saba da kama iska 'yar kaɗan, a juye ta daga wannan kwalba zuwa waccan ba ta tsere ba. Mutum ne kuma mai fara'a, mai son kiɗa, mai saurin koyon harsuna.

ƊAN HAKIN DA KA RAINA

Kafin mu ci gaba sai mu tuna da abu guda. Masana sun kasa abubuwan duniya kashi biyu. Akwai sinadarai na asali, kamar zinariya da baƙin ƙarfe da farar wuta, waɗanda kome dafawa da narkawa ba a fid da wani abu dabam daga cikinsu. Akwai kuma haɗaɗɗu, kamar ruwa da gishiri, waɗanda na asali biyu ko fi suka haɗu suka yi su. Kafin 1894 littattafan makaranta suna koyar da cewa an gama sanin iskar sarari. Wajen kashi huɗu cikin biyar naitirojin ce, kashi ɗaya oksijin wadda ke riƙe da rai da wuta, sai ɗan tururin ruwa da 'yar iskar da mu ke fitarwa in mun numfasa.

To, akwai wani basarake masani, Lord Rayleigh, wanda ya yi shekaru yana auna nauyin iskoki. Ya samo naitirojin ta hanya biyu. Ɗaya ya tace ta daga iskar sarari, ɗaya kuma ya fid da ita daga amoniya. Da ya auna sai ya ga ta sararin ta ɗan fi nauyi. Cikin 1892 ya rubuta wa mujallar kimiyya mai suna Nature, ya bayyana cewa abin ya ɗaure masa kai, ya roƙi masana sinadarai su taimake shi. Ba ƙaramin abu ba ne mutum mai suna kamarsa ya fito a takarda ya nuna bai gane ba. Ya ci gaba da kyautata awon, har lissafi ya tsaya a kan cewa lita ɗaya ta naitirojin ɗin sarari giram 1.2572 ce, ta amoniya da makamantanta kuwa giram 1.2505. Bambancin wajen kashi ɗaya ne cikin 200. Da wani ne sai ya ce laifin ma'auni ne.

Ran 19 ga Afrilu, 1894, Rayleigh ya yi bayanin wannan matsala gaban babbar ƙungiyar masana ta Landan. Ramsay yana wurin. Bayan an tashi ya nemi yardarsa ya bi al'amarin ta hanyar sana'arsa. Zatonsa shi ne akwai wata iska mai nauyi da ke gauraye da naitirojin ɗin sarari. Ya san magniziyam, wani ƙarfe mara nauyi, in ya yi zafi ƙwarai ya kan shanye naitirojin. Sai ya cika bututu da shi, ya gasa har ya yi ja, ya dinga kora naitirojin ɗin sarari ta ciki, ta je ta komo, kwana da kwanaki. Iskar ta yi ta raguwa, har ta kai inda ta daina. Abin da ya rage ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da ya auna shi da haidirojin, wadda ita ce mafi rashin nauyi cikin iskoki, sai ya ga ya ninka ta kusan sau 20, alhali naitirojin sau 14 ta ke ninka ta.

Akwai wata na'ura ta rarraba haske, mai ɗan gilas a ciki da ke baje haske ya zama kamar bakan gizo. In aka sa wa iska wutar lantarki ta yi haske aka duba ta nan, a kan ga waɗansu zane-zane masu launi, ko wane sinadari da nasa, kamar yadda kowa ya ke da zanen yatsansa. Ramsay ya duba ragowar nan, ya ga zane-zane ja da kore waɗanda ba na wani sanannen sinadari ba ne.

Shi kuma Rayleigh ya bi wata tsohuwar hanya. Tun cikin 1785 wani masani Henry Cavendish ya yi ta harba tartsatsin lantarki cikin iska, yana daɗa mata oksijin, ruwan toka mai ƙarfi yana shanye abin da ya haɗu. Kome ya ƙare sai wani ɗan kumfa da bai wuce kashi ɗaya cikin 120 na naitirojin ɗin ba. Cavendish bai san ko mene ne ba, amma bai ɓoye shi ba, ya rubuta shi yadda ya gani. Rubutun nan ya yi shekara 109 a ajiye. Rayleigh ya maimaita gwajin, ya sami iska iri ɗaya da ta Ramsay. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai suka gama kai. Cikin Agusta 1894 suka sanar da taron masana a Okisfod, ran 31 ga Janairu, 1895, kuma aka karanta cikakken bayaninsu a Landan.

RAGGUWAR ISKA

Ramsay bai bar dabarar da bai yi ba don ya ga iskar nan ta haɗu da wani abu. Ya gwada ta da farar wuta, da sodiyam, da kulorin, da asid mafi ƙarfi, da zafi da lantarki, ba ta ko motsa ba. Aka aika wa Henri Moissan a Faris, mutumin da ya fara ware fulorin, iskar da ta fi ko wace zafin cin abubuwa. Shi ma ya gwada, bai ga kome ba. Saboda haka aka raɗa mata suna argon, daga kalmar Girkanci mai nufin raggo. Suka kuma auna saurin tafiyar sauti cikinta, awon ya nuna ƙwayoyin zarrarta ɗaiɗai su ke yawo, ko da junansu ba su haɗuwa, ba kamar na oksijin da naitirojin ba da ke tafiya biyu biyu.

Argon ba kaɗan ba ce. Ta kusa kashi ɗaya cikin 100 na iskar sarari. Ajin makaranta mai tsawon mita 8, faɗin mita 6, tsayin mita 3, yana ɗauke da argon fiye da lita 1,300, watau abin da zai cika duro shida masu cin lita 200 har da saura.

Ba kowa ya yarda nan da nan ba. Tun 1869 Dmitri Mendeleev, mutumin Rasha, ya jera sinadarai na asali cikin wani jadawali, gida gida bisa ga nauyinsu da halayensu, jadawalin kuwa ba shi da gurbin da za a sa argon. Mendeleev ya yi zaton ba sabon abu ba ne, naitirojin ce da ƙwayoyinta suka haɗu uku uku. Ramsay kuwa ya ga abin ta wata fuska. In jadawali ba shi da gurbinta, watakila gida guda ne sukutum aka tsallake, in kuwa haka ne lalle tana da 'yan'uwa.

ISKAR RANA A CIKIN DUTSE

Ta farko cikin 'yan'uwan ta zo ta inda bai zata ba. Ran 18 ga Agusta, 1868, an yi husufin rana da aka gani sosai a Indiya. Daga nan masana suka shiga duban harsunan wutar da ke gefen rana da na'urar rarraba haske, suka ga wani zane rawaya da bai dace da na kome a ƙasa ba. Norman Lockyer na Ingila ya ce sabon sinadari ne, aka sa masa suna hiliyam, daga kalmar Girkanci mai nufin rana. Mutane da yawa ba su gaskata ba, tun da ba wanda ya taɓa riƙe shi a kwalba.

Farkon 1895 wani masanin duwatsu, Henry Miers, ya rubuto wa Ramsay cewa wani Ba'amurke, William Hillebrand, ya taɓa zuba asid a kan duwatsu masu yuraniyam, wata iska ta fito, ya ɗauka naitirojin ce. Ramsay ya yi tsammanin argon ce. Ya sayi ɗan irin dutsen nan, ya dafa shi cikin asid, ya tara iskar, ya tsarkake ta. Cikin Maris 1895 ya duba haskenta, sai ga wani zane rawaya mai ƙyalli. Bai amince da idonsa kaɗai ba. Ya aika wa William Crookes, gwanin wannan awo, shi kuma ya tabbatar zanen nan ne da aka gani a rana shekara 27 da suka wuce. A shekarar nan waɗansu masana biyu a Upsala ta ƙasar Suwidin, Cleve da Langlet, su ma suka same ta ba da sanin aikinsa ba. Hiliyam ma aka tarar ba ta haɗuwa da kome.

UKU CIKIN MAKO SHIDA

Yanzu Ramsay yana da biyu. In an ce nauyin ƙwayar haidirojin 1 ne, na hiliyam 4 ne, na argon 40. Ya dubi sauran gidajen jadawali, ya ga tilas akwai wata a tsakani mai nauyi wajen 20. Cikin 1897, a taron masana a Toronto ta Kanada, ya faɗi haka a fili tun bai gan ta ba. Shi da wani saurayi mataimakinsa, Morris Travers, suka yi ta gasa duwatsu iri iri, suna tara iskar maɓuɓɓugan ruwan zafi, ba su sami kome ba.

Abin da ya buɗe musu hanya wata sabuwar na'ura ce da William Hampson ya ƙera, wadda ke sanyaya iska har ta zama ruwa. Iskar da ta zama ruwa in aka bar ta ta ɗumama, abubuwan da ke ciki ba su tashi gaba ɗaya, ko wane da lokacinsa. Naitirojin kan tashi a digiri 196 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, argon a 186, oksijin a 183. Mai haƙuri ya iya tare su kashi kashi. Hampson ya ba su ruwan iska, suka bar shi ya ƙafe sai ɗan guntu a gindin kwalba. Ran 30 ga Mayu, 1898, suka duba guntun nan suka ga zane rawaya da kore sababbi. Suka kira ta kiripton, watau ɓoyayya. Cikin Yuni suka mai da argon ruwa, suka tare abin da ya fara tashi, suka sa masa lantarki, bututu ya kama da wani jan haske kamar garwashi. Ita ce mai nauyi 20 da su ke nema. Ɗan Ramsay, yaro ɗan shekara 13, ya ba da shawarar a kira ta sabuwa, uban ya juya kalmar zuwa Girkanci ta zama niyon. Cikin Yuli suka sami ta uku a cikin ragowar kiripton, suka kira ta zinon, watau baƙuwa.

Don a gane wuyar aikin, sai a dubi ƙarancinsu. Cikin kashi miliyan ɗaya na iskar sarari, niyon wajen kashi 18 ce, hiliyam 5, kiripton 1. Zinon kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan goma ba. Daga baya Mendeleev ya sauko, aka buɗe sabon gida a jadawali, ya zamana abin da aka ji tsoron zai rushe shi ya ƙara masa ƙarfi.

Ta shida, radon, ba Ramsay ya fara ganinta ba. Waɗansu ne suka lura radiyam, ƙarfen da Marie Curie da mijinta suka gano cikin 1898, yana fitar da wata iska. Cikin 1903 Ramsay da Frederick Soddy suka nuna radiyam yana haifar da hiliyam a hankali, watau wani sinadari na asali yana rikiɗa da kansa yana haifar da wani. Wannan ya bayyana dalilin samun hiliyam cikin duwatsu masu yuraniyam. Cikin 1910 kuma shi da Robert Whytlaw-Gray suka auna nauyin iskar radiyam ɗin, da ɗan abin da bai kai girman ƙwayar gero ba, suka tabbatar ita ce mafi nauyi a gidan.

GIRMA DA TUNTUƁE

Cikin 1902 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir. Cikin 1904 ya sami kyautar Nobel ta ilmin sinadarai, Rayleigh kuma ya sami tasa a shekarar. Kafin wannan, ƙarshen 1900, an gayyace shi Indiya ya ba da shawara a kan babbar makarantar binciken kimiyya da attajirin nan Jamsetji Tata ya yi niyyar kafawa. Ya zaɓi birnin Bangalor, a can aka kafa ta, Travers kuma ya zama shugabanta na farko. A wajen koyarwa Ramsay ba ya ganin jarrabawa ita ce iyakar awon ɗalibi, ya fi son a sa yaro ya yi bincike da hannunsa.

Amma ba za mu ba da rabin labari ba. Mutumin nan ya yi kurakurai, wajibi ne kuma a faɗe su. Cikin 1898 ya sanar da wata iska da ya kira metargon, daga baya ya tabbata argon ce da ƙazanta a ciki, ya janye. Cikin 1905 ya ara wa wani kamfani sunansa, wanda ya yi alkawarin fid da zinariya daga ruwan teku, ba a kuwa ga zinariya ba. Cikin 1907 ya ce ya juya jan ƙarfe ya zama litiyam da ƙarfin iskar radiyam. Shekara ta gaba Marie Curie da Ellen Gleditsch suka maimaita gwajin cikin kwanonin filatinam maimakon gilas, ba su sami abin da ya ce ba, aka gane daga jikin kayan gwajin litiyam ɗin ya fito. Cikin 1895 ya ƙi amincewa da idonsa sai da wani ya duba masa. Da suna ya yi yawa, sai ya riƙa sanarwa tun bai gama bin shafi ba.

Ya bar aiki ya koma Hazlemere, wani ƙauye kusa da High Wycombe. Yaƙin 1914 ya ɓata masa rai ƙwarai, har ya juya ya yi rubuce-rubuce masu zafi a kan Jamusawa, mutanen da ya yi karatu a wurinsu ya kuma yi abota da su shekara arba'in. Ciwon daji ya kama shi a hanci, ya mutu ran 23 ga Yuli, 1916, yana da shekara 63. An binne shi a ƙauyen, daga baya aka sa wa wata makarantar sakandare ta wurin sunansa.

DALILIN RASHIN CUƊANYARSU

Ramsay ya mutu bai san abin da ya sa iskokinsa ba su haɗuwa da kome ba. A shekarar mutuwarsa, 1916, Walther Kossel a Jamus da Gilbert Lewis a Amurka suka kawo bayanin. Ko wace ƙwayar zarra tana da cibiya, waɗansu ƙananan abubuwa da a ke kira ilektaron suna kewaye da ita zobe zobe. Zoben waje shi ne hannun da ƙwaya ke kama wata da shi. A hiliyam zoben ya cika da biyu, a sauran 'yan'uwanta akwai takwas cif a waje. Wanda rumbunsa ke cike ba ya zuwa rance, su kuma sun riƙe nasu tamau ba su ba da aro.

Misalin yana cikin miyarmu. Sodiyam ƙarfe ne da ke tafasa in ya taɓa ruwa. Yana da ilektaron 11, watau ya fi niyon da ɗaya. Kulorin iska ce mai dafi, tana da 17, saura ɗaya ta kai argon. In suka gamu sai sodiyam ya ba da ɗayan nan ya koma 10 kamar niyon, kulorin ta karɓa ta zama 18 kamar argon, duka biyu su natsu. Abin da suka zama shi ne gishiri. Ashe iskokin da ba su cuɗanya da kowa su ne suka nuna wa masana dalilin cuɗanyar sauran.

Bayanin ya yi daɗi har aka wuce gona da iri. Littattafai suka shiga koyar da cewa iskokin nan ba za su taɓa haɗuwa da kome ba. Linus Pauling ya yi hasashe cikin 1933 cewa zinon za ta iya, aka gwada ba a dace ba, aka bar maganar. Sai ran 23 ga Maris, 1962, wani saurayi mutumin Ingila, Neil Bartlett, mai koyarwa a jami'a a Bankuba ta Kanada, ya karya wannan magana. Ya riga ya lura wani jan tururi, haɗin filatinam da fulorin, yana fizge ilektaron daga oksijin. Ya duba lissafi ya ga ƙarfin da a ke bukata a fizge na zinon kusan daidai ya ke da na oksijin. Ya gama tururin da zinon, nan take wani gari mai ruwan ɗorawa ya kwanta a jikin gilas. Kafin shekarar ta ƙare waɗansu suka haɗa zinon da fulorin kai tsaye. Dalili kuwa, ƙwayar zinon babba ce, zobenta na waje ya yi nisa da cibiya, riƙon ya yi sako-sako. Kiripton ta biyo baya cikin 1963. Argon ta yi taurin kai har shekarar 2000, sa'ad da masana a Helsinki ta ƙasar Finlan suka haɗa ta da haidirojin da fulorin, shi ma haɗin ba ya tsayawa sai cikin matsanancin sanyi. Hiliyam da niyon kuwa, a irin yanayin da mu ke zaune ciki, suna nan a kan halinsu.

AMFANINSU

Ragwancin nan shi ya zama amfaninsu. A kan cika ƙwan lantarki mai zare da argon don kada zaren ya ƙone da wuri. Masu walda su kan feshe bakin ƙarfe da ita ta kare shi daga oksijin. Takardun asali na tsarin mulkin Amurka ma cikin akwatunan argon a ke ajiye da su. Jan hasken niyon, Georges Claude ya fara nuna fitilarsa a Faris cikin 1910, daga nan ta bazu a allunan talla. Hiliyam ba ta da nauyi, ba ta kuma kama wuta, shi ya sa ta gaje haidirojin a jiragen balan-balan, musamman bayan jirgin Hindenburg ya ƙone a Amurka cikin 1937. Ba ta zama ruwa sai a digiri 269 ƙasa da daskarewar ruwa, da ita a ke sanyaya manyan na'urorin asibiti masu ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu. Daga 1960 zuwa 1983 da hasken kiripton duniya ta tsai da tsawon mita. Radon kaɗai ce abar tsoro, domin tana fitowa daga ƙasa ta taru a ɗakin da iska ba ta ratsawa, tana kuma jawo ciwon daji na huhu.

Muna fata malamai za su kai wa almajiransu labarin nan, kada kuma su tsaya ga sunayen iskoki shida. A gaya musu Cavendish ya rubuta ɗan kumfan da bai gane ba, Rayleigh ya faɗi a fili awonsa ya ƙi daidaita, Ramsay ya kai abin da ya gani wani ya duba masa, sa'ad da ya yi gaggawa kuwa ya yi tuntuɓe kamar kowa. In yaro ya kawo lissafin da ya saɓa wa amsar da ke bayan littafi, kada a yi hanzarin sa shi ya goge. A zauna da shi a bi layi ɗaya ɗaya tukuna. Galibi za a tarar shi ya yi kuskure, ya kuwa koyi inda ya kauce. Amma cikin 1894, da kuma cikin 1962, littafin ne aka gyara.